Ƙashin Baya da Jijiyoyi: Labarin Kairofiraktik

A watan Satumba na shekarar 1895, a garin Davenport da ke bakin kogin Misisifi cikin jihar Iowa ta ƙasar Amurka, wani mai magani da ake kira Daniel David Palmer ya kwantar da mai share benen da ofishinsa yake ciki, ya laluba gadon bayansa, ya danna wani ƙashi da ƙarfi. Sunan mai sharar Harvey Lillard. Baƙar fata ne, kuma ya shekara 17 kunnensa ba ya ji sosai. Bisa ga faɗar Palmer, kurumtar ta sami Lillard ne wata rana da ya sunkuya a wani matsattsen wuri, ya ji wani abu ya yi ƙas a bayansa. Palmer ya ce da ya duba sai ya tarar wani ƙashi ya kauce daga mazauninsa, ya mayar da shi, kunnen mutumin kuwa ya buɗe.

Daga wannan dannar guda ɗaya aka sami sana'ar da ake kira kairofiraktik. Wani limamin Kirista abokin Palmer, mai suna Samuel Weed, shi ya raɗa mata sunan. Ya haɗa kalmomi biyu ne na Girkanci, ɗaya tana nufin hannu, ɗaya kuma aikatawa, wato dai aikin hannu. A yau duk wanda ya zauna a Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Ostiraliya ya san wuraren masu wannan sana'a: allo a bakin ƙofa ɗauke da hoton ƙashin baya, a ciki kuma wani siririn gado mai kafar da majiyyaci ke sa fuskarsa idan ya yi rub da ciki. Hausa ba ta da sunan da ta ajiye musu. Mai ɗori ne ya fi kusa da su, amma akwai bambanci, domin shi mai ɗori karaya da targaɗe da gocewar gaɓa ne aikinsa, abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Aikinsu ba tausa ba ne, ba kuma gashin ƙashi irin na asibiti ba ne. A cikin wannan darasi za a riƙa ce musu masu gyaran baya.

Babban abin da ya raba su da mai ɗori shi ne da'awar da sana'ar ta taso da ita. Mai ɗori bai taɓa cewa ɗorin ƙafa yana maganin ciwon hanta ba. Shi kuwa Palmer cewa ya yi lafiyar jiki gaba ɗaya a ƙashin baya take, domin ta nan jijiyoyi suke bi. Kafin a auna wannan magana, sai an san wace jijiya ake nufi.

Kalmar jijiya

Jijiya kalma ce mai faɗi a Hausa, kuma takan rikita ɗalibi. Idan ma'aikaciyar jinya tana laluben inda za ta soka allura ta ɗebi jini, jijiya take nema. Idan mahauci yana yanka nama wuƙarsa ta ci karo da wani farin abu mai tauri, jijiya ce. Itace ma yana da jijiya, wato saiwarsa. Haka kuma zaren nan da ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, ya komo da labarin zafi ko sanyi, shi ma jijiya ne sunansa. Don gudun ruɗani, a nan za a riƙa cewa jijiyar jini idan hanyar jini ake nufi, jijiyar saƙo kuma idan wannan zaren ake nufi. Duk maganar kairofiraktik a kan jijiyar saƙo take, sai can gaba, inda jijiyar jini za ta shigo da nata sha'anin.

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari yake maƙale, 5 a kwankwaso, sa'an nan 5 da suka manne da juna suka zama ƙashi guda a tsakanin kwatangwalo, da wasu 'yan mitsi-mitsi 4 a can ƙarshe. Guda 24 na sama su ne masu motsi. Tsakanin kusan kowane biyu daga cikinsu akwai wani faifai na guringuntsi, mai aiki irin na gammo tsakanin kai da tulu. Kowane ƙashi yana da rami, idan suka jeru sai ramukan su haɗu su zama bututu ɗaya dogo. A cikin bututun nan laka take.

Ita laka ci gaban ƙwaƙwalwa ce. Tsawonta wajen santimita 45 ne a jikin babban mutum, tana sauka daga ƙeya ta tsaya a saman kwankwaso. Daga gare ta jijiyoyin saƙo 31 suke fita ta dama, 31 ta hagu, suna bi ta wasu 'yan kafofi da ke tsakanin ƙasusuwan, su bazu cikin fata da tsoka da gaɓoɓi. Saboda haka ba wanda ke musun cewa ƙashin baya da jijiyoyin saƙo maƙwabta ne na kusa. Idan faifan guringuntsin kwankwaso ya fashe ya danne wata jijiya, mutum zai ji azaba tana tsarga masa tun daga ɗuwawu har tafin ƙafa, ko ƙafar ta yi sanyi, ko ta riƙa yi masa kamar ana tsira masa allura. Idan kuwa haɗarin mota ya tsinka laka, daga wurin raunin zuwa ƙasa jiki ya shanye ke nan. Bahaushe ma ya san matsayinta, shi ya sa idan jikin mutum ya mutu murus ake cewa kamar an zare masa laka.

Inda Palmer ya yi tsalle

An haifi Palmer a lardin Ontario na Kanada a 1845. Bayan ya ƙaura Amurka ya taɓa koyarwa, ya taɓa kiwon zuma, ya taɓa tsaron kanti, kafin ya shiga abin da ake kira maganin maganaɗisu, wato shafa jikin mara lafiya da imanin cewa wani ƙarfi yana fita daga hannun mai magani. Bai yi karatun likita ba. Ya kuma yi imani da magana da ruhin matattu, har ya ce ruhin wani likita da ya daɗe da rasuwa ne ya sanar da shi tushen sabuwar sana'ar.

Ga yadda koyarwarsa take. A jikin kowane mai rai akwai wata basira ta halitta, wadda ke tafiyar da komai, tana kuma warkar da komai idan an bar ta. Hanyarta ita ce jijiyoyin saƙo. Idan wani ƙashin baya ya ɗan goce, ko da gocewar ba ta kai a gan ta ba, sai ya matse jijiya, basirar ta kasa wucewa, sashen jikin da ke can ƙarshen jijiyar ya kamu da cuta. Almajiransa sukan kawo misali da tiyon ban ruwa: idan an taka shi, shuka ta bushe, idan an ɗage ƙafa ta farfaɗo. A littafin da ya wallafa a 1910, Palmer ya ɗora kashi 95 cikin ɗari na cututtukan ɗan'adam a kan wannan 'yar gocewa. Ƙwayoyin cuta, waɗanda likitocin zamaninsa suka riga suka fara gani da madubin likita, bai ɗauke su a bakin komai ba.

Misalin tiyo yana da daɗin ji, kuma yana shiga kai nan da nan. Sai dai jikin mutum ba haka aka tsara shi ba, kuma kunnen Lillard ne shaida ta farko. Ban da jijiyoyin da ke fita daga laka, akwai wasu 12 ta kowane ɓangare da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta takwas a cikinsu ita ce ta ji. Daga can cikin kunne take tasowa ta shiga ƙwaƙwalwa, duk tafiyarta a cikin ƙoƙon kai take, ko wuya ba ta saukowa, balle gadon bayan da Palmer ya danna. Ta goma a cikinsu kuma ita ce ke sauka ta gefen wuya ta je zuciya da huhu da tumbi da hanji, ba tare da ta ratsa bututun ƙashin baya ba.

Gaskiya ne akwai wasu jijiyoyin da ke fita daga laka su je kayan ciki. Su ne ke sa zuciya bugawa da sauri idan mutum ya firgita, su sa gumi ya karyo. Masu gyaran baya sukan kafa hujja da su. To, amma a nan ma aikin tiyata ya ba da amsa. Tun 1954 aka yi nasarar dashen ƙoda a birnin Boston, a 1967 kuma Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu. Zuciyar da aka ciro daga ƙirjin wani an yanke dukkan jijiyoyin saƙonta, ba kuma a ɗinka su a jikin wanda aka dasa wa, amma tana bugawa, domin a jikinta abin da ke tayar da bugun yake. Ƙoda ma haka take tace jini. Idan yanke jijiya ɗungurungum bai kashe su ba, da wuya a ce 'yar matsar da ido ba ya gani ita ce ke sa su ciwo.

A 1973 wani masanin ƙirar jiki a Jami'ar Yale, Edmund Crelin, ya gwada maganar a zahiri. Ya ɗauki ƙasusuwan bayan gawarwaki shida, manya da yara, ya sa su a na'ura, ya murɗa, ya lanƙwasa, ya danna, yana duban ko kafofin nan za su tsuke har su taɓa jijiya. Ba su taɓa ba, sai da ƙarfin ya kai ga karya ƙashin.

Kurkuku, kotu da lasisi

Duk da haka sana'ar ta yaɗu. Palmer ya buɗe makaranta a Davenport a 1897. A 1906 aka ɗaure shi saboda yin aikin likita ba lasisi, ya yi 'yan makonni a kurkuku. Ɗansa B. J. Palmer ya karɓi makarantar, kuma shi ne gwanin kasuwanci: ya shigo da na'urar ɗaukar hoton ƙashi a 1910, ya mallaki gidan rediyo a 1922 yana tallar sana'ar. Uba da ɗa ba su jitu ba har uban ya rasu a 1913. Su ma almajiran tun da wuri suka rabu gida biyu. Akwai 'yan tsantsa, masu cewa gyaran gocewa shi ne aikin, ba ruwansu da binciken cuta. Akwai kuma 'yan gauraye, masu haɗawa da tausa da motsa jiki da shawarar abinci. Har yau wannan ɓaraka ba ta ɗinke ba.

Jihar Kansas ce ta fara yin dokar ba su lasisi a 1913, Louisiana ta zama ta ƙarshe a 1974. Ƙungiyar Likitocin Amurka kuwa ta ɗaura yaƙi da su. A 1963 ta kafa kwamiti na musamman a kan likitancin bogi, ta kuma hana 'ya'yanta hulɗar aiki da masu gyaran baya. A 1976 wani mai gyaran baya, Chester Wilk, da abokansa suka kai ƙara, a 1987 wata alƙaliyar kotun tarayya a Chicago ta yanke hukuncin cewa ƙungiyar ta karya dokar kasuwanci, domin ta haɗa baki don durƙusar da abokan gasa. Sau da yawa akan ji ana kawo wannan hukunci a matsayin shaidar cewa kotu ta gaskata kairofiraktik. Ba haka ba ne. Kotun a kan ƙauracewa ta yi hukunci, ta kuma bayyana cewa tabbatar da ingancin magani aikin masu bincike ne. A Birtaniya majalisa ta yi musu doka a 1994, aka kafa hukumar da ke yi musu rajista. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horar da su. Lasisi yana nuna cewa mutum ya yi karatun sana'arsa, kuma akwai inda za a kai ƙararsa. Bai nuna cewa duk abin da ke rubuce a allonsa gaskiya ne ba.

Ƙarar nan ta ƙas

Wanda ya je wurin mai gyaran baya, za a tambaye shi labarin ciwonsa, a laluba bayansa, a kwantar da shi. Sai mai gyaran ya kai wata gaɓa iyakar motsinta, ya yi mata wata gajeriyar danna mai sauri. Galibi akan ji ƙas. Majiyyata da yawa suna ɗauka ƙashi ne ya koma mazauninsa, alhali ƙarar iri ɗaya ce da wadda yaro ke yi idan ya ja yatsunsa. A cikin gaɓa akwai wani ruwa mai yauƙi. Idan aka buɗa gaɓar farat ɗaya, sai wani kumfan iska ya samu a cikin ruwan. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton abin yana faruwa a cikin yatsa. Shi ya sa gaɓar da ta yi ƙara ba ta sake yi sai bayan minti ashirin ko makamancin haka.

Wannan ba ya nufin dannar ba ta taɓa jijiyoyin saƙo ko kaɗan. Tsoka da gaɓoɓi cike suke da bakunan jijiyoyi masu jin motsi. Idan aka ja su ba zato, saƙo yakan ruga zuwa laka da ƙwaƙwalwa, tsokar da ta ɗaure ta ɗan saki, zafin ciwo ya ɗan lafa. An auna irin wannan sauyi a ɗakunan bincike, an kuma ga cewa na ɗan lokaci ne. Alaƙar da aka tabbatar tsakanin gyaran baya da jijiyoyi ke nan. Alaƙa ce ta gaske, amma ƙarama ce idan aka kwatanta da abin da Palmer ya faɗa.

Abin da bincike ya samu

Ciwon baya ba ƙaramar masifa ba ce. An ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. A nan ne masu gyaran baya suke da abin faɗa. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 47, na mutum sama da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso. Abin da aka samu shi ne dannar baya tana rage ciwo daidai da sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara, kamar motsa jiki. Ba ta fi su ba, ba su kuma fi ta ba. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi, a lokacin da magungunan kashe zafi masu sa maye suke halaka dubban Amurkawa a kowace shekara. Hukumar da ke tsara jiyya a Ingila ta yarda da ita a 2016, da sharaɗin a haɗa da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ambace ta a 2023 cikin hanyoyin da za a iya bi, ita ma da sharaɗi.

Akwai abin lura a nan. Yawancin sabon ciwon baya yakan yi sauƙi da kansa cikin 'yan makonni, ko an yi magani ko ba a yi ba. Mutum kuma ba ya neman taimako sai ranar da ciwon ya fi tsanani, saboda haka duk wanda ya taɓa shi a ranar shi zai sha yabo. Ga kuma daɗin a saurari mutum, a sa hannu a daidai inda ke masa ciwo, a ce masa an gano matsalar. Likitan da ke kallon kwamfuta ya rubuta takarda cikin minti biyar ba ya ba da wannan, kuma ya kamata likitoci su yi wa kansu faɗa a kai.

Da aka bar baya aka koma sauran jiki, sai labari ya sha bamban. A 1998 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Kanada a kan yara 91 masu ciwon asma. Aka raba su biyu, rabi ana yi musu gyaran baya na gaske, rabi ana yi musu na kwaikwayo, har wata huɗu. Numfashin waɗanda aka yi wa na gaske bai fi na sauran ba. A 2001 likitoci a ƙasar Norwe suka gwada a kan jarirai masu yawan kuka saboda ciwon ciki, ba tare da iyaye sun san wane jariri aka yi wa gyara, wane aka rungume kawai ba. Kukan ya ragu a ɓangarorin biyu. A 2019 masu bincike 50 daga ƙasashe 8 suka taru a Toronto, da yawansu kuwa 'yan sana'ar ne da kansu, suka bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi a kan asma da hawan jini da ciwon mara na al'ada da ciwon ɓarin kai da kukan jarirai. Rahotonsu na 2021 ya ce ba su sami shaidar cewa dannar baya tana maganin ko ɗaya ba. Lokacin annobar korona a 2020, da wasu suka fara tallar cewa gyaran baya yana ƙarfafa garkuwar jiki, ƙungiyar masu gyaran baya ta duniya da kanta ta fito ta ce babu wata sahihiyar hujja a kan haka.

A Birtaniya sai da maganar ta kai gaban alƙali. A 2008 wani marubucin kimiyya, Simon Singh, ya soki ƙungiyar masu gyaran baya ta ƙasar a jaridar Guardian, saboda tana tallata sana'ar ga yara masu asma da ciwon kunne da ciwon ciki. Ƙungiyar ta kai shi ƙara bisa ɓata suna. Sai reshe ya juye da mujiya: jama'a suka shiga tona tallace-tallacen 'ya'yanta, aka kai ƙorafin ɗaruruwansu gaban hukuma. A 2010 ƙungiyar ta janye ƙarar bayan kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan Singh. A shekarar ce kuma hukumar rajistarsu ta sanar da cewa maganar 'yar gocewar nan tarihi ce, babu binciken da ya nuna tana haddasa cuta. Shari'ar tana cikin abubuwan da suka sa aka sauya dokar ɓata suna a Ingila a 2013.

Wuya, da abin da ke ɓoye a bayan ciwo

Kusan rabin waɗanda aka yi wa gyaran baya sukan ji tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. Abin tsoron a wuya yake, kuma a nan ne jijiyar jini ta shigo. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke hawa ta cikin wasu kafofi a gefen ƙasusuwan wuya, suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Idan aka murɗa wuya da ƙarfi, bangon ɗayarsu yana iya tsagewa ta ciki, jini ya daskare, gudan ya tafi ya toshe hanya, mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki ko ya mutu, ko da kuwa matashi ne. Abin ba ya yawan faruwa, kuma masana suna jayayya a kan sababinsa. Wani bincike da aka yi a Ontario a 2008 ya nuna cewa masu irin wannan shanyewa sun yawaita zuwa wurin likita ma kafin ta same su, ba wurin mai gyaran baya kaɗai ba. Ma'ana, wataƙila jijiyar ta riga ta tsage, ciwon wuyan da tsagewar ta jawo shi ya kai su neman taimako. Ko da haka ne, wanda jijiyarsa ta fara tsagewa shi ne bai kamata a murɗa wa wuya ba. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da majiyyaci wannan haɗari kafin a taɓa wuyansa.

Haɗari na biyu ya fi wannan yawa, ko da yake ba shi da amo, wato jinkiri. Ciwon baya wani lokaci alama ce ta wata cutar daban: kansa da ta yaɗu zuwa ƙashi, ko ciwon ƙoda, ko zaizayar ƙashi ta tsufa, wadda danna kaɗan ke iya karya mai ita. Ga wanda ya taso a Afirka ta Yamma akwai ƙarin abu biyu da likita zai so ya kawar tukuna, tarin fuka da ke cin ƙashin baya, da ciwon sikila. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko raunin ƙafafu, ko mutuwar fatar tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne a ranar. Mai gyaran baya na kirki ya san waɗannan alamu, zai kuma tura mai su gaba. Wanda ya yi imani cewa kowace cuta daga gocewa take, shi zai ce a dawo mako mai zuwa, har ya sayar wa mutum da tikitin zuwa na wata shida da sunan rigakafi.

Jarirai kuma nasu daban ne, domin ƙashinsu bai gama ƙwari ba. A 2019 wani bidiyo ya bazu a Ostiraliya, inda aka ga wani mai gyaran baya a Melbourne yana riƙe da jariri ɗan mako biyu ta ƙafafu, kansa a ƙasa. Hukumar sana'ar ta ƙasar ta hana danna bayan yaran da ba su kai shekara biyu ba. Ta ɗage hanin a ƙarshen 2023, ministocin lafiya suka yi ca, ta mayar da shi a 2024.

A yau sana'ar tana nan a gida biyunta. Wasu makarantu, musamman a Turai, sun ajiye koyarwar Palmer a darasin tarihi, suna horar da ɗalibansu a kan ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci. Wasu kuma, musamman a Amurka, har yanzu suna koyar da 'yar gocewa da basirar halitta. Daga bakin ƙofa ba a gane wanne ne wanne, sai an karanta jerin cututtukan da ke kan allo.

Shi kuwa Harvey Lillard, daga baya ya bar Davenport ya koma Seattle, inda ya rasu a 1925. 'Yarsa ta ba da labarin ranar nan ta wata fuska. A faɗarta, mahaifinta yana tsaye ne a bakin ƙofar ofishin yana ba wani abokinsa labarin ban dariya, sai Palmer ya fito da littafin da yake karantawa a hannu, ya tsaya yana saurare. Da aka kai ƙarshen labarin dariya ta kama shi, ya ɗaka wa Lillard duka a baya da hannun da ke riƙe da littafin. Bayan 'yan kwanaki Lillard ya ce masa yana jin kamar kunnensa ya ɗan yi sauƙi.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni huɗu na kalmar jijiya, ka sa kowace a cikin jimla.
2. Me ya sa ake cewa kunnen Lillard shaida ne a kan Palmer?
3. Wane darasi dashen zuciya ya koyar game da misalin tiyon ban ruwa?
4. A kan me kotun Chicago ta yi hukunci a 1987, a kan me kuma ba ta yi ba?
5. Bayyana ma'anar waɗannan kamar yadda aka yi amfani da su a cikin darasin: an zare masa laka, reshe ya juye da mujiya, suka yi ca, labari ya sha bamban.
6. Wani dattijo maƙwabcinka yana fama da ciwon baya da zazzaɓi, ya ce zai je wurin mai gyaran baya. Rubuta hirar da za ku yi, kana kiran sa da irin sunan girmamawar da ya dace.